Rasuwar Hoton Jar Saniyar Inna

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, a wannan hantsi na bazara da hadari ya haɗo gabas ya tsaya yana kallon mutane bai zubo ko ɗigo ba, Attahiru ɗan marigayi Malam Isufu na nan ƙasar Affala yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na gida da na bakin teku, da waɗanda ke Libiya suna bin labarin gida ta salula, rasuwar hoton jar saniyar mahaifiyarsa, Inna Rahamatu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Hoton ya rasu a Tahoua, wata Lahadi, a kan teburin mai gyaran salula, da ƙuruciyarsa da lafiyarsa, ko ciwon kai bai yi ba. Har yanzu iyalan ba su gama yarda cewa ajali ne shi kaɗai ba.

A yi haƙuri da jinkirin sanarwa. Mutuwar ta auku tun kaka, amma ba a gane ba sai bazarar nan, domin an bar wani mai kama da shi a gurbinsa. Attahiru ya yi ta yawo da baƙo a aljihu, yana nuna wa mutane shi da alfahari, bai san mai gidan ya daɗe da tafiya ba.

An haifi marigayin a ƙofar rumbun Inna, shekarar da Nura, wan Attahiru, ya zo ganin gida daga Abidjan da wata babbar salula mai ido uku a bayanta. Saniyar nan ita kaɗai ce dukiyar Inna. Tana karsana ta saye ta, da saƙar tabarmar kaba da ta yi ta yi har yatsunta suka yi kanta. Ranar da za a ba makiyayi ita ya yi arewa da ita cin damina, Nura ya ce Inna ta riƙe igiya ta tsaya. Inna ta gyara kallabi, ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali, saniya ta juyo da kai. Marigayin ba mai surutu ba ne. Sau ɗaya tak aka ji muryarsa, a ranar nan, ya ce ƙyas. Daga nan bai sake tankawa ba har ya bar duniya.

Da nauyinsa aka haife shi, mega shida in ji Nura. Da za a mai da shi salular Attahiru, sai da aka kwantar da wayoyin biyu kusa da juna a kan tabarma, aka buɗe bulutut, aka ɗora shayi. Shayin farko ya tafasa, aka juye shi aka sake juyewa, sannan marigayin ya gama tsallakowa. Bai bar ko gashi ɗaya a hanya ba.

Wanda ya san shi da rai zai yi masa shaidar arziki. Ba ya ɓoye komai. In ka ɗora yatsa biyu ka buɗe, sai ya buɗe maka kamar ƙofar zaure, ka shiga, ka ƙara shiga. Kana ganin ƙudan da ya sauka a hancin saniya. Kana ganin zaren da ya zare a bakin kallabin Inna. Uwa uba, kana ganin kunnen hagu na saniyar, inda ƙaya ta yaga shi biyu kamar bakin almakashi, da wani farin ɗigo ƙarƙashin yagar wanda bai fi ƙwayar wake ba. Jajayen shanun Azawak duk uwa ɗaya uba ɗaya suke a ido. Kunnen nan ne ya raba ta Inna da sauran, marigayin kuwa shi ne ya riƙe kunnen amana.

Mahaifiyarsa, wato salular Nura, ta riga shi gaba. Nura ya ce ta suɓuce masa ta faɗa ruwa yana cikin kwalekwale a Abidjan. Iyalan sun karɓi maganar yadda ta zo, ko da yake a watan ne aka gan shi da sabon takalmi.

Alamar farko da ya kamata a lura da ita ta zo ne ranar da Shamsiya, ƙanwar Attahiru da ke aure a Bambeye, ta matsa a saka hoton a gurup ɗin dangi kowa ya ga saniyar Inna. Attahiru ya danna. Salula ta ce ɗil, ya tafi. Har ya yi murna bai ci masa forfe, wato kuɗin data, da yawa ba. Sai yanzu yake zama yana juya abin a ransa. Wanda ya ɗauki tafasar shayi kafin ya tsallaka tabarma, yaya aka yi ya isa Abidjan kafin a ƙifta ido? Me ya ajiye a hanya da ya yi wannan sauri? Ashe ba shi ne ya tafi ba. Wani ɗa aka cire daga jikinsa, ramamme, aka aika, aka kuma bar irinsa ɗaya a salula yana zaune kusa da uban.

Ranar ajali, salular ta cika ta ƙi karɓar komai. Saƙon muryar Nura ya zo ya tsaya a ƙofa, Inna kuwa kullum da la'asar sai ta ce, “Atta, wanka bai yi magana ba?” Shi ya sa Attahiru ya bi motar kasuwa ranar Lahadi ya kai ta wurin Alhusaini, mai rumfar caji da gyaran salula a Tahoua. Alhusaini ya karɓa yana taunar goro, ya yi ta shafa gilashi da babban yatsa.

“Mutumin Affala, salulakka ta ƙoshi har wuya. Ga ma hoto guda kashi biyu. Wanga kamar buhun gero, wanga kamar takardar shayi. Duba da kyau, ka ga bambanci?”

Attahiru ya duba. Ga Inna ga saniya, ga Inna ga saniya.

“To mi za ka yi da mai cin wuri? In share babban.”

Attahiru ba mutum ne mai yanke magana da gaggawa ba. Ya buɗe baki zai ce a bari ya je gida ya yi shawara, sai yatsan Alhusaini ya riga baki. Ko ƙara ba a ji ba. Saƙon Nura ya shigo, aka yi dariya, Alhusaini ya ce a gaida Inna. Haka marigayin ya cika, a tsakiyar kasuwa, mai shi yana godiya.

Bayan an cire amfanin gona makiyayi ya dawo babu jar saniya. Ya ce ta ɓace masa a wata rijiya wajen Tébaram, cikin taron garke. Inna ba ta yi kuka ba, sai dai ta daina zama a ƙofar rumbu, ta mai da saƙarta bayan ɗaki. Ana nan har bazara ta kama, sai labari ya zo an kama wata jar saniya da ɗan maraƙinta sun shiga lambun wani, an kawo su ƙofar maigari. Tun daga nesa Attahiru ya gane ta. Ya tarar da Baba Souleyman na unguwar yamma tsaye, ya ɗora hannu a tozonta. Shi ma tasa ja ce, ita ma arewa ta ɓace, a shekarar. Ya kawo masu shaida, Inna ma ta kawo. Kowa ya faɗi yagar kunne, kowa ya faɗi farin ɗigo.

Maigari ya ce, “Kunnen da ke gaban kowa, kowa na iya ba da labarinshi. Wa ke da shaidar da ta girmi yau?”

Attahiru ya sa hannu a aljihu a hankali, har da ɗan murmushi. Ya durƙusa gaban maigari, ya ɗora yatsa biyu, ya buɗe. Ƙofar ba ta buɗe ba. Kunnen ya watse ya zama gida-gida kamar dara da aka haƙa a ƙasa, ja nan, baƙi can. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya goge gilashin da bakin riga ya sake. Baba Souleyman ya leƙo ta kafaɗarsa.

“Ranka shi daɗe, wanga kunne na ko ƙosai? Ɗana, in ƙosai na, a ba mu mu karya.”

Aka yi dariya. A nan ne Attahiru ya san an yi rasuwa. Maigari, Allah ya saka masa, ya ba shi har bayan kasuwa ya nemo wanda ya fi wannan.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'ya da jikoki da dama, warwatse a ƙasashe, kuma a cikin wannan neman ne aka tattaro su. Babban ɗa shi ne na gurup, wanda ya kunyata gida a gaban maigari. Daga nesa uban ne sak, kana matsowa ka ga babu kowa a ciki. Akwai ta wurin Shamsiya, wadda aka yi wa ado da furanni da taurari aka rubuta Barka da Juma'a, babbar fure ja ta zauna daram a kan kunnen hagu. Akwai na wurin Zakari, ɗan kawunsu da ke Libiya, wanda bai san yadda ake ajiye hoto ba sai ya ɗauki fuskar salularsa gaba ɗaya, abin da suke kira kaptir. Wannan ya zo da baƙin bango sama da ƙasa, da alamar batir ya kusa mutuwa, da saniya ƙanƙanuwa a tsakiya kamar akuya. Da Attahiru ya ga nauyinsa ya yi kusa da na kakansa, ya ɗan sa rai. Ashe kumburi ne, ba ƙiba ba. Sauran jikokin ba a iya lissafa su. Wani ya biyo ta hannun mutum biyar ko shida, har Inna ta koma wani dunƙule mai kallabi.

Attahiru ya kwashe su duka ya koma wurin Alhusaini, ya roƙe shi ya haɗa su ko za a samu kunne ɗaya a tsakaninsu. Alhusaini ya ce ba a yi. Ya ce marigayin ɗan ƙabilar Jipeg ne, su kuwa duk lokacin da aka matse su don su yi sauƙin tafiya sai an zubar da wani abu daga jikinsu, kuma ƙananan abubuwa ake fara zubarwa, irin su gashi da ɗigo da bakin kunne. Na Zakari, in ji shi, ɗan wata ƙabila ce, Pe-en-je, masu riƙon amana, ba su zubar da komai, amma abin da aka ba su shi suke riƙewa, in shara aka ba su shara za su adana.

“Kamar hura ta, Atta. Duk hannun da ta shiga a ƙara mata ruwa. Ƙwarya cike, gero ya tahi.”

“To a tsame ruwan mana.”

“Kai, mutumin Affala! Ka taɓa ganin inda anka tsame ruwa daga hura?”

Attahiru dai ya lura mutumin da ya san wannan duka yau, ranar Lahadin nan bai san shi ba.

Saura ɗa ɗaya, wanda iyalan ke ambata da nauyin baki, domin ba su san asalinsa ba. Wani Idrisa mai shagon wanke hoto, can wajen tasha, ya ga Attahiru zaune ya yi tagumi, ya ce yanzu akwai na'ura mai hankali da ke tayar da hoton da ya mutu. Ya saka babban ɗan a ordinatar, wato kwamfuta, ya danna, ta yi ɗan tunani. Abin da ya fito, masha Allah, ko marigayin bai kai shi sheƙi ba. Gashin saniya ɗaya-ɗaya. Rumbu kamar jiya aka yaɓe shi. Aka wanke shi a babbar takarda mai santsi, aka saka a leda. Rana ta yi, motar Affala tana ta hon za ta tashi, Attahiru ya rungume leda ya shiga. Bai tsaya ya ƙura masa ido ba, ya ga dai kunne ya dawo kunne.

Aka sake zama ƙofar maigari. Takarda ta bi hannu-hannu, dattawa suna ta salati saboda kyanta. Da ta isa hannun Baba Souleyman sai ya daɗe yana kallo. Ya dubi Inna, ya dubi takarda.

“Rahamatu, yaushe kika yi haƙoran ga? Ni tun muna yara na san ki da wushirya.”

Matar da ke cikin hoton ba ta wuce talatin ba, fuska sumul, babu tsagar gado ko ɗaya a kumatunta. Baba Souleyman ya miƙa wa maigari, ya ɗora yatsa a kan kunnen hagu. Kunne ne lafiyayye, mai tsini, kyakkyawa, ba yaga ba ɗigo. Na'urar ta ga gida-gidan dara, ta rasa abin da ke wurin, sai ta ɗinka kunnen da ta ga ya dace da saniyar kirki.

“Ranka shi daɗe, shaidarsu ta yi magana. Tasu kunnenta lahiya lau shike. Allah shi bayyana musu ita. Wagga mai yagagge tawa ta.”

Attahiru ya yi ƙoƙarin bayani, ya kawo maganar Jipeg, ya kawo ta hura. Maigari ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce shi ba zai iya hukunci da hoton da babu shi ba, kuma wanda ke akwai bai taimaki mai shi ba. Baba Souleyman ya rantse. Aka kwance igiya aka ba shi, saniya da maraƙi. Inna ta tashi ta kaɗe zanenta, ta yi wa maigari sallama yadda ya kamata, ta kama hanya. Attahiru ya bi bayanta da leda a hannu.

Iyalan ba su tuhumar kowa. Suna dai so a san abubuwan da suka lura da su. An sha ganin Alhusaini yana shan shayi da ƙanen Baba Souleyman. Gaskiya ne ranar da ya share hoton ba a ma san saniyar ta ɓata ba, amma mutumin da ke ganin cikin salula, wa ya san iyakar abin da yake gani? Shamsiya 'yar gida ce, ba a zarginta, sai dai saniya babbar dabba ce, ga tozo ga ciki ga cinya, me ya kai fure kan kunne? Na'urar Idrisa ba ta taɓa zuwa Affala ba, to wa ya ba ta labarin kunne har ta yi ƙarfin halin gyarawa? Makiyayi kuwa tun da aka fara maganar ya yi arewa, layinsa ba ya shiga. Shi Baba Souleyman, Attahiru ba zai ce masa maƙaryaci ba, sa'an babansa ne. Da aka miƙa masa igiya idonsa ya kawo ruwa, ya yi ta shafa wuyanta yana ce mata sannu da wahala. Wannan ne ma ya fi damun Attahiru. Da dariya ya yi, da an san inda aka dosa.

Marigayin bai bar wasiyya ba, amma rayuwarsa ta bar ta. Wanda ke da hoton da yake ji da shi, kada ya yarda da ido, ya duba nauyi. In an ce maka biyu ne iri ɗaya, ka riƙe mai nauyin, ka saya masa memwar, katin ajiya, tasa shi kaɗai. In za ka aika shi, ka aika ta ƙofar da suke kira dokima, can ba a taɓa jikinsa, ko da zai ci forfe. Kuma duk wanda ya ce zai tayar maka da matacce, ka tambaye shi da me zai cike inda ƙasa ta ci.

Game da jana'iza, babu wanka babu likkafani, tun da ba a samu gawa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, Attahiru zai share 'ya'ya da jikokin da ke salularsa ɗaya bayan ɗaya, a bainar jama'a, da yatsansa, ba da na wani ba. Ana roƙon na gurup su yi haka a inda suke. An so a ƙona na Idrisa, Inna ta hana. Ta ce yarinyar da ke ciki ba ta yi wa kowa laifi ba, ta saka ta ƙarƙashin tasoshinta. Za a karɓi gaisuwa kwana uku. Akwai shayi, mai zuwa ya taho da sukarinsa. An gayyaci Alhusaini, an tanadar masa tabarma a gaba, inda kowa zai iya ganin hannunsa. Ba a yarda a ɗauki hoto ba.

Wanda ya zo da sassafe bai tarar da Attahiru mai karɓar gaisuwa ba, ya zauna ya ɗan jira, ba nisa ya yi ba. Hanyar gonarsa ba ta bi ta unguwar yamma, amma kwanan nan ta can yake zagayawa. Yau ma ya bi. Ya tarar da matar Baba Souleyman tsugune da ƙwarya wajen tatsa, saniyar ta harbi ƙwaryar ta zubar, tana ta faɗa ita kaɗai. Ya tsaya bayan danga ya gaishe ta.

“Inna, ku koma hagunta. Ku sosa mata ƙarƙashin wuya tukuna, ku bar maraƙin inda take ganinshi.”

Matar ta dube shi, ta dubi saniyar. Ta ɗauki ƙwarya ta zagaya hagu. Attahiru ya gyara hauyarsa a kafaɗa ya wuce, yana jin madara tana sauka a ƙwarya, tsar, tsar, har ya sha kwana.